Ranar da Muka Kashe Wutar Banda

A Gabiyo aka haife ni, a nan kuma aka haifi uwata. Kakanmu ne ya taso daga Gana cikin kwalekwale yana bin kifi, har ya iso wannan gaɓa ta Kwaddibuwa ya kafa bukka tsakanin teku da tafki. Amma har gobe in na hau cikin gari, 'yar Gana ake ce mini. Sunana Kukua, sai dai ba mai tambaya.

Mu Fanti aikinmu a rabe yake. Maza su shiga teku, mu mata mu tare su a bakin ruwa da bahuna, mu wanke kifi, mu jera a kan waya, mu hura wuta. Duk kifin da ake ci a Gabiyo da ƙauyukan bayanta ta hannunmu yake bi. Hayaƙin kuwa mu yake ci. Macen unguwarmu ba ta kai shekara arba'in sai idonta ya yi ja yana ruwa, tari ya zame mata kamar gaisuwa. Shugabar masu banda, Mena Baduwa, idonta ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan ma sai ta karkata kai kafin ta gane mutum. Amma ba wanda ya taɓa jin ta yi magana ƙasa-ƙasa.

A daminar da nake ba ku labari ruwa ya yi yawa, tafki ya cika ya shigo mana har tsakar gida. Da ya janye sai ya bar mana amai da gudawa. Ba mu kaɗai ba, cikin gari ma ana kwance. Inda abin ya faro, Allah kaɗai ya sani. Amma nan da nan maganar ta zauna a bakin kowa: 'yan Gana ne suka kawo shi a jiragensu.

Famfo ɗaya ne a wajenmu, a bakin kasuwa, daidai inda unguwarmu ta haɗu da gari. Da ma mu ne ƙarshen layi, mun saba. Wata safiya muka je da jarkoki muka tarar an yi masa akwatin ƙarfe an danna kwaɗo. Wasu samari sun sa benci sun zauna, babbansu Sirili, da makulli rataye a wuya. In matan gari suka zo ya buɗe musu, in sun gama ya rufe.

"Daga ofishin magajin gari ne," in ji shi. "Sai ciwon ya wuce. An ce bokitanku ne ke shafa wa famfo."

Ewurasi, 'yar Mena Baduwa, wadda murhunta ke jikin nawa tun muna 'yan mata, ta dube shi sama da ƙasa. "Sirili, kai da kake zuwa roƙon kan kifi a wurina da majina har baki, yau kai ne mai makulli?"

Abokansa suka yi dariya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tanti, ni dai sa ni aka yi." Bai buɗe ba.

Muka koma ga 'yan rijiyoyin da muke tonawa da hannu a gefen tafki. Mun san ruwan ba shi da kyau, ba jahilai ba ne mu. Muna tafasa wanda za mu iya, amma gida cike da yara, wa zai tsare kowane baki da kowace moɗa? Ciwon ya shiga unguwar layi-layi.

Asibitin garin yana kan tudu, ba nisa. Duk da haka mutanenmu ba sa zuwa. Tsofaffi ba sa jin Faransanci, in an yi musu tambaya suka yi shiru sai a daka musu tsawa. Ga kuma magana tana yawo cewa an ajiye jandarma a ƙofa yana tambayar katin zama, alhali rabinmu a nan aka haife mu, ba mu da takardar Gana, ba mu da ta nan. Don haka wanda ya kamu sai a saki labule, a dafa masa ganyen gwaiba, a yi ta addu'a.

Haka aka yi wa Ewurasi. Da safe muna fere kifi tare ta ce cikinta na murɗawa. Washegari da la'asar aka rufe mata fuska. Macen da ke ɗaukar baho cike da kifi ba a kama mata, na gan ta a kwance kamar an matse tsumma.

Ba a gama zaman makoki ba mijina Ekow ya kwanta. Na ce masa ya tashi mu tafi asibiti.

"Ba inda za ni," ya ce, muryarsa ta riga ta dushe. "Gara in mutu a tabarmata da in mutu a bayan motar jandarma."

"Ba za ka mutu ko'ina ba. Ban gama da kai ba."

"Kukua, ki ji maganata."

"In ka warke na ji."

Na aro amalanken da ake kawo mana itace, maƙwabta suka kama mini muka ɗora shi. Akwai hanyar bayan gari ta gefen tafki, wadda mutanenmu ke bi in ba sa son a gan su. Na tsaya a mararrabar na dube ta, duk taɓo ce, ga nisa. Sai na juya amalanken na bi babban titi, tsakar rana, ta tsakiyar kasuwa. Mutane suna ta toshe hanci suna darewa. Wani mai gyaran rediyo ya ce, "Ga shi nan, yawo ma suke yi da shi."

Na ce, "Ka matsa, ko ka kama mini." Ya matsa.

Da muka isa, ba jandarma ba alamarsa. Wata akuya ce kawai kwance a ƙofa. Na tsaya ina kallon akuyar nan, na tuna Ewurasi.

A ciki majinyata har ƙasa, ma'aikaciya kuma ɗaya tak, Madam Amenan, wata doguwar mace da aka turo daga tsakiyar ƙasa. Ta ja fatar hannun Ekow, fatar ta tsaya ba ta koma ba.

"Kullum haka kuke," ta ce. "Sai mutum ya kusa mutuwa ku kwaso shi."

Faransancina na kasuwa ne, amma ya ishe ni faɗa. Na ce, "Madam, ki sa masa ruwan tukuna, zagin ba zai gudu ba."

Ta harare ni, amma hannunta na aiki. Ta huda jijiya ta miƙo mini ledar ƙarin ruwa ta ce in ɗaga sama, ƙarafunan ratayewa sun ƙare. A tabarmar da ke kusa da ta Ekow wani saurayi ne kwance, Jilber direba, ɗan Tanti Odet mai sayar da acake, wato dambun rogo, da soyayyen kifi a tasha. Shekara da shekaru a wurina take sarin kifi. Tana tsaye a kansa, muka haɗa ido ta kawar da kai. Ledar ɗanta na hannunta, ta gaji da ɗagawa. Na karɓa da hannuna na hagu, na tsaya tsakaninsu kamar an kafa ni.

Can a kusurwa na hango Egya Essuman, wani tsoho mai gyaran komar kamun kifi daga unguwarmu, ban san yadda aka yi ya zo ba. An ba shi ƙullin garin gishiri da sukari, yana ta lasa haka nan busasshe.

"Tun jiya nake gaya masa ya zuba a ruwa," in ji Madam Amenan. "Sai ya ce mini to, ya ci gaba."

Na ɗaga murya da Fanti na ce, "Egya, a babbar kwalba za ka zuba, ka cika da ruwa, ka riƙa kurɓa."

"Ashe," ya ce. "Ni na ɗauka irin na ciwon kai ne. Na ce mata to ne don ta daina ihu."

Da na fassara mata, ta yi wata gajeriyar dariya ta gajiya. Sannan ta ce, "Wa ya ce ku sha ruwan tafki?"

"Waɗanda suka rufe famfo."

Ta gyara allura. "Na gaya musu rufewar ƙara ciwon za ta yi. Ba wanda ya saurare ni. Ni ma baƙuwa ce a garin nan, sai dai ina da takarda."

Kafin rana ta faɗi Ekow ya buɗe ido ya nemi ruwan sha. Ƙanwarsa ta iso, na bar ta a wurinsa na gangara unguwa, na wuce kai tsaye gidan Mena Baduwa. Tana zaune cikin baƙin zane, jikokinta biyu na Ewurasi jingine da ita.

"Yana numfashi?" ta tambaya.

"Har ya yi magana, Mena."

"Me suka ba shi?"

"Ruwa ne, ta jijiya. Ruwa da gishiri."

Ta jinjina kai. Sannan ta ce, "Ruwa da gishiri. Mu da muke kwana muna tashi a bakin teku." Ta sauke yaran daga jikinta. "Gobe Talata, maza na gida. Ki bi gida-gida ki ce ina kira."

Ranar Talata Fanti ba sa shiga teku, don haka kowa ya zo rumfar da ake raba kifi. Mena Baduwa ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce daga yau a kashe wutar banda, ko ƙaya ɗaya ta kifi kada ta hau cikin gari sai an cire kwaɗon nan.

Sarkin masunta, Nana Kwegyir, ya gyara mayafinsa a kafaɗa. Mutum ne mai haƙuri, ya sha zuwa ofis ba da haƙuri a kan laifin da ba mu yi ba. Ya ce, "Baduwa, zafin rashi ne ke magana, kuma ba wanda ya ga laifinki. Amma mu baƙi ne. Ina yaro aka taɓa loda mu a motoci aka kai mu iyaka, ke ma kin sani. Mu kwantar da kai abin ya wuce. Ga shi kifi ya shigo, lokacinsa ne."

"Nana, tun ina budurwa nake kwantar da kai, har wuyana ya sage. Me aka ba ni?"

"An bar mu mun zauna."

"An bar mu mun zauna muna ciyar da su. Ku in kuna so ku shiga teku, ba mai riƙe muku ƙafa. In kun dawo ku hura wutar da kanku, ku ɗauki baho a ka ku hau kasuwa. Ina son in ga wannan da ɗan idon da ya rage mini."

Mata suka fashe da dariya, har da waɗanda ke cikin baƙin zane.

Wasu mazan sun gwada. Washegari jirage kaɗan suka fita, suka dawo shaƙe da kifi, suka tarar bakin ruwa ba mace ko ɗaya. Suka yi ta kiran sunayen matansu. Wanda aka iya ci aka ci, sauran ya lalace a rana, shirwa da ungulu suka sha biki. Daga nan aka ja jirage kan yashi aka kife.

Tun da nake ban taɓa ganin sararin unguwarmu ba hayaƙi ba sai lokacin. Idanuwa suka huta. Wata maƙwabciyata ta ce, "Yau na ga fuskar mijina tar. Ashe hayaƙin nan rufa masa asiri yake."

Kowace safiya sai mu ɗauki bahunanmu babu komai a ciki, mu je bakin famfo, mu kife su mu zauna a kai. Ba ma zagi, ba ma taɓa kowa. Matan gari su ratsa ta tsakaninmu su ɗebi ruwa muna kallonsu. Wasu ba sa iya haɗa ido da mu. Akwai wata da ta ɗebo ta zo wucewa sai ta juye rabin bokitinta a jarkata, daga baya wasu ma suka riƙa yin haka in Sirili ya juya baya. Da wannan muka riƙa jiƙa wa marasa lafiya gishiri da sukari. Ni kuma da hantsi in hau asibiti, in rako duk wanda ya yarda ya je, tunda yanzu kowa ya ji labarin akuyar.

Rumfunan kifi a kasuwa suka zama wurin barcin karnuka. Matan ƙauye su zo da kwanduna su koma da su wayam. Miyar gari ta koma ta ganye da barkono.

Sai ga mataimakin magajin gari, Mushe Dago kamar yadda ake kiransa da Faransanci, da jandarma biyu a bayansa. Ya tsaya nesa kaɗan da mu, da hankici a hanci. Ya tambayi wa ke jin Faransanci, aka nuna ni. Sai ya nuna mini Mena Baduwa.

"Gaya mata abin da suke yi tayar da fitina ne. Gaya mata in ba su tashi sun koma aiki ba, za a kawo motoci a mayar da kowa inda ya fito."

Na gaya mata yadda ya faɗa. Ta karkata kai tana nemansa da idonta mai gani.

"Kukua, abin da zan faɗa kada ki sa masa sukari."

"To, Mena."

"Ce masa ya kawo motocin. Amma ya ƙaro da masu shebur, don ba za mu tafi mu bar namu ba. Uwata na kwance a bayan cocin can, da mijina, da 'ya'yana. Ta ƙarshen ko ƙasarta ba ta bushe ba, ba za ta yi wuyar tonowa ba. A loda mu gaba ɗaya. Sannan ya gaya wa direba inda na fito, don ni ban sani ba."

Na fassara, ban rage ko kalma ba. Ɗaya daga jandarman ya dubi ƙasa.

Mushe Dago ya ce, "Ku kuka jawo. A bakin teku kuke bayan gida kamar dabbobi."

Mena Baduwa ta ce, "Ce masa sau nawa muka nemi a bar mu mu haƙa masai? Masu ƙasa suka ce in baƙo ya haƙa rami ya zuba siminti, gobe zai ce filin nasa ne. Kun hana mu rami, kun hana mu ruwa, yanzu kuna toshe hanci. Ce masa ya sauke hankicin, warin nasa ne."

Wannan ma na faɗa. Ya ce za a zauna a duba maganar. Kafin su tafi ya sa jandarma suka kwashe bahunan da ke gaba-gaba suka jefa a mota. Washegari muka zo da tukwane muka kife.

Ranar ce Tanti Odet ta gangaro daga tasha, da zanin aikinta ɗaure a ƙugu. Jilber ya koma gida, yana takawa. Ta tsaya a kaina.

"Ke 'yar Gana, kin kashe mini sana'a. Acake ba kifi, ko mahaukaci ba ya saye."

"Ki soya musu kwaɗon, Tanti. Ga shi can."

Ta yi tsaki ta wuce wurin samarin. Sirili ɗan ƙanwarta ne, a gidanta yake cin abinci.

"Ba ni makullin."

"Tanti, ofis ne ya..."

"Ofis ne ke zuba maka abinci da yamma? Ba ni."

Ya tsaya yana waige-waige. Ta kama igiyar a wuyansa ta zare ta kansa, har hularsa ta faɗi. Ta buɗe kwaɗon, ta murɗa famfo, ruwa ya zubo a kan siminti. Ta juyo ta ce, "Ba don ku na yi ba, kada wata ta gode mini. Gobe ina son kifina."

Mata suka fara miƙewa da jarkoki. Mena Baduwa ta ce a ɗiba, amma wuta ba za ta tashi ba tukuna. "Abin da aka buɗe yau ana iya rufewa gobe. A cire akwatin."

Odet ta ce, "Wannan tsohuwa ba ta da godiyar Allah." Amma ita ce ta aika aka kira maƙeri, kuma matan tasha ne suka tsaya a kansa har ya gama. Da yamma mai shela ya zagaya yana cewa ofishin magajin gari, saboda tausayinsa, ya ba da umarnin a buɗe famfo. Muka bar shi ya yi shelarsa. Bahunanmu dai ba su dawo ba.

Ciwon bai tafi nan take ba. Ya ƙara ɗaukar mutane a unguwarmu, har da Egya Essuman, wanda ya koma gida da sauƙi sannan abin ya dawo masa. Amma daga baya ya ja da baya. Ekow ya dawo gida wandonsa na zamewa, yana ta ba mutane labarin yadda ya yanke shawarar zuwa asibiti. Ban ƙaryata shi ba a gaban jama'a. Madam Amenan ta ce in riƙa zuwa ranar awon ciki da ranar rigakafi ina yi mata tafinta, ba albashi. Ina zuwa. Har yau muna faɗa.

Da damina ta wuce, wata Talata Mena Baduwa ta sa aka tara maza da shebur a bayan rumfar raba kifi, inda ƙasa ke da tudu, aka fara haƙa masai. Ba a tambayi kowa ba. Nana Kwegyir ya ce shi bai gani ba, bai ji ba, amma siminti daga gidansa ya fito. Kafin a kafa bango, masu ƙasa suka turo samari suka cike ramin.

Talata ta zagayo muka sake haƙawa. Ekow na cikin ramin yana miƙo ƙasa sai ga ɗan mai filin a kan babur. Ya ce wa ya ba mu izini, ya ce ko sau nawa muka tona za su cike.

Mena Baduwa na zaune a inuwa tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Kukua, ce masa ya gaida babansa. Ce masa su suna da aikin yi, mu kuwa kowane mako muna da Talata."

Suka cike wannan ma. Na ukun ne suka gaji suka bari. Muka yi masa bango da rufin kwano, ƙofa biyu, ta maza da ta mata.